Daga Kafinsoli Zuwa Kano Neman Aikin Ido

Wani jikan Gwaggo ne ya kawo zancen daga makaranta. Ya ce yanzu an daina sa wuƙa a ido, wani haske ake haskawa mai suna leza, mutum ya miƙe yana gani. Gwaggo da ta daɗe tana ƙin maganar asibiti tun da yana ta rufe mata idon dama, ranar da bakinta ta ce a kai ta.

Muka bar Kafinsoli bayan asuba, muka shiga motar Kano a Kankiya. Ina faɗa mata garuruwa, Gidan Mutum Ɗaya, Tsanyawa, Bichi, tana amsawa da "to". Dawanau kam ba ta jira ni ba. Ƙurar hatsi da kukan manyan motoci ta ji, ta ce, "Mun iso kasuwa ke nan."

A motar akwai wani dattijo mai tabarau masu kauri, ido ɗaya a shafe. Ya ce mai magani ne ya zo garinsu ran kasuwa, ya zaunar da shi a tabarma, ya sa tsinken ƙarfe ya ture yanar zuwa cikin ido. Ya ga haske a ranar, har aka yi guɗa. Bayan nan ciwo ya taso, idon ya tafi. Ba shi kaɗai ba ne. Binciken makanta da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kusan rabin idanun da aka taɓa saboda yana, irin wannan turewar aka yi musu. Ba na ganin laifin tsofaffin. Mai tsinke har ƙofar gida yake zuwa, likita kuwa sai an sayar da akuya an bi shi birni.

Kano ta daɗe da aikin ido na asibiti. Asibitin ido na ECWA tun 1943 yake, ga kuma na Makka. Muka sauka Ƙofar Ruwa, ɗan adaidaita ya kai mu ɗaya daga cikinsu. Aka nuna wa Gwaggo allo mai alama kamar cokali mai yatsu, ta nuna da hannu inda yatsun suka dosa. Da idon dama ko allon ba ta gani ba.

Da na kawo zancen leza, likita ya yi murmushi.

"Mama, wancan aikin na masu son rabuwa da tabarau ne. Ke yana ce gare ki, sai an fitar da ita."

"Ashe dai wuƙar ce," in ji Gwaggo. "To, Allah shi sa a dace."

Bayanin da na samu shi ne, lezar da jikan ya ji labari fatar gaban ido take gyarawa, ta sassaƙe ta kaɗan don haske ya sauka daidai. A 1999 Amurka ta amince da wadda ake kira LASIK, kuma aikin masu hali ne. Yana kuwa daga ciki take, gilashin halitta ne ya dushe. Ana kashe wurin da allura, a ɗan tsaga gefe, a zaro shi, a sa na roba. Wani likitan Ingila, Harold Ridley, ya fara dasa irinsa a Landan a 1949, bayan ya lura cewa ɓarɓashin robar jirgi da ya shiga idon matuƙan yaƙi bai tayar musu da ciwo ba.

Aka auna mata jini da suga, aka shiga da ita idonta biyu. Washegari da aka cire auduga ta ɗan ƙifta, ta dubi jikinta, ta ce, "Wa ya ɗaura mani wannan kallabi a kan wannan zane?"

Wanda ya tsaya mini a rai wani magidanci ne da muka zauna benci ɗaya. Idonsa garau, ba fari ko ɗigo, amma ɗansa ke jan sa. Hawan jinin ido ne. Aka gaya masa abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a riƙe ragowar da magani. A wancan binciken, yana ce ke da kashi 43 cikin ɗari na makanta, hawan jinin ido ke bi mata da kusan 17, kuma shi ba ya sallama.

Muka koma Kafinsoli da kwalaben ɗigo da dokoki: ba daka, ba hayaƙin murhu, ba kwalli. Na kwallin ne ya fi ba ta haushi. Likita ya ce in bayan shekaru hazo ya taru a bayan robar, a nan ne leza za ta yi mata amfani, cikin 'yan mintoci.

Jama'a, wanda ya haura arba'in ya je a auna masa ido ko ba ya jin komai. Mai tsoho mai yana kuma ya riga mai tsinke zuwa.