Daga Kano Zuwa Ayigya Zango Tare da Ɗalibai Masu Aikin Sa-kai

Da dogon hutu ya zo, wasu ɗalibai Musulmi daga jami'o'in Kano suka yanke shawarar kada su ƙarar da shi a zaman majalisa da latsa waya. Takwarorinsu na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, wadda aka fi sani da KNUST, sun gayyace su aikin sa-kai a Ayigya Zango, unguwar da ke maƙwabtaka da jami'ar. Yawancin masu gayyatar 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Gana ne, GMSA, ƙawar ƙungiyar MSSN ta gida Najeriya. Kowa ya haɗa kuɗin motarsa da kansa, ni kuma na bi su da biro da takarda don in ga me ɗalibi zai iya tsinana wa al'umma a ɗan hutu.

Mun tashi daga Sabon Gari bayan la'asar a babbar bas mai tafiyar dare, kowa ya biya naira 35,000 zuwa Legas. Tafiyar ta haura kilomita 1,000, ta Zariya, Kaduna, Abuja, Lakwaja da Ibadan. Samarin sun fara da karatun Alƙur'ani da raha, amma kafin mu tsallaka gadar Lakwaja kowa ya yi laƙwas. Ni dai barci ya gagare ni, gwiwoyina suka sage, wuyana ya ƙage. Sai da muka shafe wajen awa 20 kafin mu sauka, muka wuce Agege muka kwana a wurin 'yan'uwa.

Da asuba muka kama wata motar zuwa Akara a kan naira 60,000. Nisan bai wuce kilomita 460 ba, amma ya cinye mana yini cur, saboda iyakoki uku da ke hanya: Seme, Hilakonji da Aflawo. A kowace sai an sauka, a nuna fasfo na ECOWAS da katin rigakafin shawara. A ɗaya daga cikinsu an tsare mu fiye da awa guda ana neman na goro, har jagoranmu ya yi ta ba da haƙuri kafin a sake mu. A yini ɗaya kuɗi iri uku suka ratsa aljihuna, naira da sefa da sidi. Togo ta ba ni mamaki: faɗinta ta bakin teku bai wuce kilomita 50 da 'yan kai ba, kuma birnin Lome manne yake da iyakar Gana, kana fita cikin gari ka iso Aflawo. A Togon ne muka mayar da agogo baya da awa ɗaya. Duk inda muka tsaya kuwa, daga Kwatano har Aflawo, sai mun ji Hausa a bakin mai canji ko mai tsire.

Daga Akara zuwa Kumasi kimanin kilomita 250 ne, muka biya sidi 130 a tashar Circle. Motar ba ta ɗauki mutum ko ɗaya fiye da kujerunta ba, abin da ya burge ni. A Nsawam mata masu tallan burodi suka kewaye mu, a Nkawkaw duwatsun Kwahu suka tsaya mana a dama, hazo ya rufe kawunansu. Ko'ina kore shar, ga gonakin koko da ayaba da kwakwar manja, domin ƙasar nan damina biyu take samu a shekara. Bayan Konongo muka ratsa Ejisu, garin Yaa Asantewaa wadda ta jagoranci yaƙi da Turawan Ingila a 1900. Cikin awa shida muka sauka a mahaɗar Tech, a gajiye tiɓis.

Nan na tsaya na dubi hagu da dama. A ɓangare ɗaya ga ƙofar jami'a, da bishiyoyi da tituna masu kwalta, makarantar da aka buɗe a matsayin kwaleji a 1952, ta zama jami'a a 1961. A ɗaya ɓangaren ga Ayigya, gidajen haya masu tsakar gida ɗaya, rufin kwano mai tsatsa, da lunguna na jar ƙasa da ruwa ya zaizaye har tushen gini ya fito. Titi ɗaya ne kawai ya raba su.

An sauke mu a ɗakunan wata makarantar Islamiyya. Tarbar da aka yi mana ba zan manta da ita ba. Wata dattijuwa mai sayar da koko da ƙosai ta ji daga Kano muke, ta rantse ba za ta karɓi ko kwabo ba. "Ɗana, kakana daga can ya zo fataucin goro," in ji ta, "ku ci, gida kuka zo." Gaskiyarta. Tun kafin zuwan Bature fatake ke bin hanyar Gwanja zuwa Salaga sayen goro, kuma bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da yawa suka gangaro Kumasi. Zango a yau ba na Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Mosawa, Dagomba, Zabarmawa, Fulani da Kotokoli, amma Hausa ce ke haɗa su, gauraye da Turanci da harshen Tuwi na Asante. Dattawa har yanzu suna tuna 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu, gidaje da dama suka rabu.

Aikin farko shi ne yashe kwata. Bayan sallar asuba aka raba shebur da manjagara da baro da safar hannu. Na ga wani ɗalibin koyon likita ya naɗe wando, ya shiga lambatu har ƙauri, yana kwaso baƙar laka da ledojin ruwa. Wari ya sa na ja baya, shi kuwa ko gezau. Da farko samarin unguwa kallo kawai suke yi daga benci. Da rana ta ɗaga sai ɗaya ya tashi ya karɓi baro, can wani ya biyo shi, kafin azahar sun fi mu yawa a cikin kwatar.

Kashegari aka kafa rumfa a harabar masallaci don awon jini da gwajin suga, ƙarƙashin kulawar wata ma'aikaciyar jinya 'yar unguwar. Ɗaliban ba su rubuta wa kowa magani ba. Wanda jininsa ya hau sai a tura shi asibiti, a kuma tambaye shi ko katinsa na inshorar lafiya, tsarin da Gana ta kafa a 2003, yana aiki. Da yamma kuma ajin lissafi da Turanci ga yara masu shirin jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare. Gana ta mayar da babbar sakandare kyauta tun 2017, amma sai yaro ya ci wannan jarrabawa kafin ya mori kyautar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da aka ɗebi yaran ajin aka tsallaka titi da su zuwa cikin jami'a. Tafiyar ba ta kai minti 15 a ƙafa ba. Wasu sun sha shiga da tallan ruwa ko lemo, amma ba su taɓa zama a kujerar ɗakin lacca ba. Wata yarinya ta shafa teburin ɗakin karatu, ta dubi ɗalibar da ke riƙe da hannunta, mai hijabi kamar nata, ta ce, "Yaya, ke ma 'yar Zango ce?" Ɗalibar ta ce daga Aboabo take, wata unguwar Zango a Kumasi, kuma aikin injiniya take karanta. Yarinyar ta yi shiru, sannan ta tambayi maki nawa ake buƙata.

Daren da za mu taho na zauna da limamin da ya karɓe mu, na tambaye shi ko zuwan namu ya yi amfani. Ya ce, "Malam, zumunci a ƙafa yake, kun kyauta, Allah ya saka da alheri. Amma kwatar nan ruwa biyu zai sake cika ta. Yaranmu na jami'ar nan da ke zuwa duk Asabar su koyar, su ne maganin." Da na yi lissafi na ga kuɗin motar da muka kashe ya ninka abin da muka saya na kayan aiki. Duk da haka ban ce tafiyar asara ce ba. Samarinmu da suka shiga kwata a Kumasi sun dawo da wani ido daban, har a mota suna ta maganar unguwannin Kano irin su Ɗorayi da Kabuga da Rijiyar Zaki.

Mun biya kasuwar Kejetia muka sayi goro na tsaraba, muka sake bin doguwar hanyar da ta kawo mu. Kirana ga ɗalibanmu na Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo shi ne, wanda Allah ya hore wa ya je ya ga 'yan'uwa a Zango, domin gani ya kori ji. Amma kada a jira fasfo kafin a fara. Kowace jami'a tamu tana da unguwa a bayan katangarta, da yaran da ba su taɓa shiga ɗakin lacca ba. A hutu mai zuwa a ɗauki alli da shebur a fara da su, kuma a ɗore bayan an koma karatu.