Za Mu Neme Ka

Na gama bautar ƙasa a 2012, na dawo gida Jigawa da takardar shaida a cikin leda da 'yan canjin da na tara daga alawus ɗin naira 19,800. A lokacin duk inda ka waiga a Dutse gini ake yi. Sule Lamido yana zangonsa na biyu, an kafa Jami'ar Tarayya a 2011, ana ta maganar filin jirgin sama. Duk mai kwalin digiri gani yake a cikin wannan ƙurar akwai kujerarsa. Sai dai Jigawa jiha ce da aka yanko daga Kano a 1991, kuma da aka yi rabon, masana'antun Bompai da Sharaɗa can suka zauna. In ka cire noma da kasuwa, babban mai ɗaukar aiki gwamnati ce, ga ƙananan hukumomi 27 kowacce tana turo 'ya'yanta. Daga Gwaram, daga Jahun, daga Birnin Kudu, duk a Dutse muke haɗuwa, kowa da ambulan ruwan ƙasa a hammata.

Ni daga wani ƙauye nake a ƙasar Kiyawa. Acaɓa ya fito da ni bakin titi, mota ta kai ni Shuwarin, daga nan in shiga Dutse. Kuɗin motar nan shi ne ma'aunin komai a wancan zamani: kafin in taka ƙofar ofis, na riga na ci kuɗin cefanen gidanmu na yini.

Wata hukuma ce, ba zan kama suna ba, ta kira mu intabiyu. Mutum biyar a bayan dogon tebur, fanka tana juyi a kasalance, ɗayansu yana jujjuya takardar shaidar ƙaramar hukumata kamar yana neman inda aka goge. Tambayoyin ba su yi tsanani ba. Da aka gama, shugaban kwamitin ya ce, “To Malam, Allah ya sa a dace. Za mu neme ka.” Na fito ina jin kamar an riga an ba ni.

Damina ta shigo, aka yi shuka, aka yi noman farko, aka yi maimai. Babu wanda ya neme ni. Wayata kuwa ko banɗaki zan shiga tana aljihu, in baƙuwar lamba ta yi filashin sai in ranci kati in kira, in tarar mai neman wani ne can daban. A gida mahaifiyata ta daina tambaya, wannan kuma ya fi tambayar ciwo.

Wanda ya koya mini yadda ake bin sawun takarda masinja ne, wani dattijo da kowa ke ce wa Baba. Yana zama a kan benci a bakin rajista, da 'yar rediyonsa da goro ƙunshe a leda. Ranar da na fara komawa, na nufi ƙofar darakta kai tsaye da takardar tuni da na buga a shagon kwamfuta. Ya ɗaga hannu.

“Ɗan nan, ina zuwa?”

“Wajen Yallaɓai, Baba. Na yi intabiyu ne, shiru.”

“Ka gaishe ni tukuna.”

Na rusuna na gaishe shi. Ya karɓi takardar, ya duba ta sama da ƙasa, ya ce in na miƙa wa darakta hannu da hannu, za ta kwana a aljihun tebur har ta yi ja. Ya shiga da ni rajista, aka buga mata hatimi, aka rubuta ta a babban littafi mai layi-layi, ya sa akawu ya buga hatimin a kan kwafin da ke hannuna, da kwanan wata. “Wannan ka adana,” in ji shi. “Duk ranar da aka ce ba a ga takardarka ba, ita ce bakinka.”

Daga wajensa na san fayil tafiya yake yi kamar mutum, daga tebur zuwa tebur, kuma duk inda ya sauka akwai littafin da ake sa hannu. Na san kada in zo Litinin da safe, ana mitin. Kada in zo Juma'a, domin da yawan ma'aikata iyalansu na Kano ko Haɗeja ko Gumel, ana sallame masallaci hanya suke kamawa. Talata da Laraba, bayan azahar, lokacin da aka ci abinci rai ya kwanta. Kuma kada in ce “ina maganar aikina?” Sai dai in ce na shigo gari ne na ce bari in gaisa. Mai hankali ya san abin da ya kawo ka. In akwai labari zai faɗa, in babu, ka bar masa hanyar da zai sallame ka ba tare da ya yi ƙarya ba.

Wannan na ƙarshen ya daɗe yana ba ni haushi. Ni da na zauna jarrabawa, me ya sa zan zo ina laɓe-laɓe kamar mai neman bashi? Amma na ga abin da ya sami wani abokin zamanmu a bencin, ɗan wajen Jahun, wanda ya sauka a gidan yayansa a Takur, cikin Dutse, don haka ba ya biyan kuɗin mota. Kullum yana nan, tun kafin a share ofis. Ya samo lambar darakta yana kira har bayan isha'i. Ba a jima ba aka laƙaba masa suna, da an hango shi sai a ja ƙofa. Ƙwazonsa ya fi nawa, na sani, don tare muka yi karatu. Amma naci ya sa an haddace sunansa ta mummunar fuska.

Amsoshin da ake ba mu ba su da yawa, har mun iya su. “Ana kan aiki.” “An tura sama.” “Akwai takunkumin ɗaukar ma'aikata, sai an ɗage.” “Sai kasafin kuɗi ya fito.” Wata rana ina tsaye Baba ya wuce da tarin fayil, ya ɗan karkato da na saman don in gani. Namu ne, ɗaure da koren zare. A shafin farko an yi rubutu da jan biro, layi biyu, cewa a ajiye sai an neme shi, kuma kwanan watan ya kai wata uku baya. Ashe duk “ana kan aiki” da nake ji, fayil ɗin barci yake a kan kabad.

Ba zan ce ban nemi hanya ba. Kowa ya san wanda ke da uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Kawuna ya kai ni wajen wani ɗan siyasar yankinmu, muka yi zaman jira a soro tare da masu neman kuɗin magani da masu kai katin ɗaurin aure. Ya rubuta layi biyu a bayan katinsa. Da na kai, sakatare ya jawo aljihun tebur ya jefa shi a kan 'yan uwansa. Sun kusa cika wurin. Na fahimci kati ma mataki-mataki ne, kuma nawa ba daga saman tsani ya fito ba.

A cikin wannan jiran ne na nemi koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta. Mai makarantar, wata Hajiya, ta sa na koyar da darasi ɗaya tana zaune a baya. Bayan kwana biyu ta kira ni da kanta: “Malam, ka iya aiki, amma mai lissafi nake nema, kuma na samu. Kada ka ɓata kuɗin motarka.” Na ji zafi a ranar. Amma a duk shekarun nan ita kaɗai ta ce mini a'a, kuma har yau ina ganin girmanta. Mu Hausawa muna jin nauyin wannan kalma, muna ganin alkunya ce a ce “sai ka ji daga gare mu.” A zaman gida wataƙila haka ne. A ofis kuwa, alkunyar nan a aljihun talaka take ƙarewa, shi ke biyan ta da kuɗin mota da daminar da bai yi noma sosai ba don yana jiran waya.

Sannan zamani ya juya. A ranar 15 ga Maris 2014 aka tara masu neman aikin hukumar shige da fice a filayen wasa a faɗin ƙasa, kowa ya biya naira 1,000, mutum fiye da 500,000 a kan gurbin da bai kai 5,000 ba. Mutane suka mutu a turmutsutsu a Abuja da Minna da Fatakwal da Benin. Bayan haka komai ya ƙara komawa intanet. Da shirin N-Power ya zo a 2016 da alawus ɗin naira 30,000, shagunan kwamfuta na Dutse suka zama su ne ofis. Bibiya ta koma ka biya yaron shago ya shigar da lambarka, ku zuba wa allo ido tare. Ba na kushe tsarin. Na san 'ya'yan talakawa da suka samu ba su san kowa ba. Amma shafi ba shi da benci, ba shi da Baba. In ya yi shiru, babu wanda za ka gaisar. A wannan gurbin ne 'yan damfara suka shigo, masu turo saƙon cewa sunanka ya fito, ka tura kuɗin fom.

Ni dai ta tsohuwar hanya na samu, kuma sai da shekara ta zagayo har ta wuce. Ina gona ana yankan gero wayata ta yi ƙara. Baba ne, da wayar wani ya kira.

“Ɗan nan, an liƙa sunaye tun shekaranjiya. Na sa an karanta mini, naka yana ciki. Jibi ake rufe karɓar takardu. Ka zo da na asali, da hoton fasfo.”

Ba a sanar a rediyo ba, ba a kira kowa ba. Takarda ce aka manna da gam a allon sanarwa, gefenta har ya fara ɗagowa. Muna cike fom a ranar ƙarshe ana kiran sunaye, wasu babu mai amsawa. Bayan mako biyu, na riga na fara zuwa aiki, wani saurayi ya iso daga can ƙasar Gwaram da ambulan ɗinsa, a bakin wani direba ya ji labari. Sunansa ne na huɗu a jerin, sama da nawa. Akawu ya buɗe littafi ya nuna masa inda aka ja layi, ya ce an riga an cike gurbin daga jerin masu jiran gado, amma ya rubuto takardar koke, za a neme shi.