Goron Gwanja da Lambobin da ke Cikinsa

Ranar Juma'a bayan saukowa masallaci, muna zaune a zaure ana raba goro, sai ga ɗanmu ɗan sakandare riƙe da littafin kemistiri, yana kuka da babin sanya wa sinadarai suna. Ya ce lambobi ne marasa ma'ana, ana haddarsu don jarrabawar WASSCE kawai. Maganar ta dame mu, domin da irinta yaran zango da yawa suke juya wa kimiyya baya.

Muka ce ya dubi abin da ke hannunsa. Wannan goron ne ya kawo kakanninmu Gwanja: fatake su saye shi a kasuwar Salaga su kai Kano, har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin. Abin da ke kore barci a cikinsa shi ne kafeyin. Ƙirarsa zobe biyu ne a manne, ɗaya mai kusurwa 6, ɗaya mai 5, kuma masana sun ba kowace kusurwa lamba. A kusurwa ta 1 da ta 3 da ta 7 akwai ɗan reshe da ake kira metil.

Cire reshen kusurwa ta 1, ka sami tiyoburomin, wanda ke cikin koko da goro. Cire na 7, ka sami tiyofilin, wanda ake ba masu asma. Cire na 3, ka sami faraksantin, abin da hanta take mayar da mafi yawan kafeyin. Ukun nan kayan gininsu ɗaya ne: kabon 7, haidurojin 8, naitirojin 4, oksijin 2. Mazaunin rassa kaɗai ya raba su, shi ya sa ake ce musu aisoma. In an bar lambar, ba a san wanne ake nufi ba.

Mu ma haka muke yi. In aka ce Malam Musa, sai a tambaya: na Salaga, na Yendi, ko na Bawku?

Yaron ya yi dariya, ya ce malaminsu bai taɓa kawo goro aji ba. Muka ce aikinmu ne, tunda mu muke da goron, kuma Hausa ta isa ta ɗauki bayanin. Allah ya buɗa wa 'ya'yanmu basira.