SURAME: Birnin Kanta da 'yan fim suka manta da shi

Matashin da ya taso daga Fakku, a ƙaramar hukumar Kebbe, in ka tambaye shi inda ake ɗaukar fim mai kyan gani, zai ce maka Tiga ko wani lambu a Kano. In ka ce masa Surame fa, sai ya yi maka kallon baƙo. Alhali kuwa wurin yana cikin jiharsa ta Sakkwato.

Daga Fakku sai mutum ya fito Tambuwal, ya hau babban titin Sakkwato, ya wuce Dogon Daji, Shagari da Boɗinga. Daga Sakkwato kuma a yi yamma, yankin Binji da Silame. A nan cikin daji kufan birnin yake kwance. Mota tana da iyakarta, sauran aikin na ƙafa ne, don haka mai takalmin gayu gara ya bar shi a gida.

Muhammadu Kanta, Sarkin Kabi, shi ya gina Surame a ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga ƙarƙashin Askiya Muhammadu na Songhai wajen 1516. Kabin nan fa daban take da Kebbe ta su Fakku, kada sunan ya ruɗe ka. Abin da zai fara tsayar da baƙo shi ne ganuwar. Yawancin biranen Hausa da jar ƙasa aka kewaye su, amma ta Surame da duwatsu aka jera ta, aka haɗa da laka. Shi ya sa yau, bayan shekara kusan 500, kana iya dafa wani sashen nata da hannunka. Faɗin wurin ya kai kimanin murabba'in kilomita 9, ganuwa bayan ganuwa, ga wuraren ƙofofi, ga inda ake nunawa a ce nan fadar take. Masu ba da labarin baka suna cewa ƙasashen da Kanta ya ci da yaƙi ne suka yi aikin, kowa da ɓangarensa, wai har Nufawa da man kaɗe aka sa su kwaɓa tasu ƙasar saboda sun makara. Ko gaskiya ne ko ƙarin gishiri, kai dai ka ji labarin da ya isa fim guda! A farkon ƙarni na 18 Kabawa suka tashi suka koma Birnin Kabi, daji ya cinye Surame.

Lokacin zuwa shi ne kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa ya ɗauke, hunturu bai kankama ba, ciyawa ta fara yin ruwan zinari, gero da dawa na tsaye a gonakin hanya. Da sassafe za ka ji kukan fakara, zabin daji su tashi fir daga cikin sabara har gabanka ya faɗi. Kurege ya gilma, damo ya hau dutse yana shan hantsi, wani lokaci ma guza. Sai dai a kula da inda ake sa ƙafa, don kububuwa na son tsakanin duwatsu, ƙarangiya kuwa ba ta raga wa wando.

A Amurka akwai wani wuri, Mesa Verde a jihar Kolorado, inda kakannin mutanen Fuweblo suka gina gidaje cikin kogunan tsauni, suka bar su kafin shekarar 1300. Babban ginin da ke can yana da ɗakuna kusan 150. Tun 1906 gwamnati ta killace wurin, UNESCO ta sa shi a jerin kayan tarihin duniya a 1978, mutane na biyan kuɗi su shiga da ɗan jagora. Surame fa? An ayyana shi wurin tarihi na ƙasa a 1964, an sa sunansa a jerin masu jiran UNESCO a 2007, sai kuma shiru. Kowace damina ruwa na zare laka daga tsakanin duwatsun, saiwar itatuwa na tsaga abin da ya rage.

Abin haushi, furodusoshinmu sai su kafa bukkoki biyar na kara a bayan gari, su ɗaura wa jarumi rawani, wai an yi fim ɗin tarihi. Ga ganuwar gaske tana jiran kyamara, ba mai kuɗin haya, ba mai fenti.

Amma fa a yi gaskiya, ba laifinsu ba ne duka. Tun 2024 ake ta jin labarin Lakurawa a yankin Tangaza, Gudu, Binji da Silame, hanyoyin Kebbe da Tambuwal ma sun sha fama da 'yan bindiga. Duk mai niyyar zuwa, ɗan kallo ne ko darakta da tawagarsa, ya fara tuntuɓar hukumar kula da gidajen tarihi a Sakkwato da masu sarautar yankin, ya ɗauki ɗan gari ya yi masa jagora, ya tafi da safe, kuma kada la'asar ta same shi a cikin dajin.