Zaman Bakin Titi a Kaduna

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in yi wa 'yan'uwana ma'aikata bayanin zaman bakin titi a Kaduna, domin na ga da yawa daga waɗanda aka yi wa canjin aiki zuwa nan, da dillali ya nuna musu gida mai kallon kwalta sai su zube kuɗin shekara ba su duba ba.

Kaduna dai ba irin Kano ko Zazzau ba ce, ba ta da ganuwa, ba ta da lungunan gado. Turawa ne suka shata ta da awo, suka mai da ita hedkwatar Arewa a 1917, bayan sun taso daga Zungeru. Don haka titunan tsakiyar gari a miƙe suke, suna gitta juna kamar saƙar tabarma, an kuwa laƙaba musu sunayen garuruwa, ga Titin Kano, ga na Katsina, ga na Legas da na Abekuta.

Amfanin zama a irin wurin nan ba ya ɓoyuwa. In naƙuda ta kama iyali da tsakar dare, mota za ta tsaya har ƙofa, na lungu kuwa sai an tallabo. Mai kurar ruwa na iso ka ba gardama. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya zama abin lissafi, to akawun da zai taka da ƙafa zuwa Titin Ahmadu Bello ya huta da wannan.

Amma fa gidan bakin titi ba shi da sirri. Yawanci ba zaure, taga ce tsakaninka da duniya, mai shayin ƙofar gida ya san sa'ad da ka fita da sa'ad da ka dawo. Da hunturu ƙura, da damina kwata ta toshe da leda ta amayo ruwa cikin tsakar gida. In an ɗauke wuta, injin kowane kanti ya tashi. Yara kuwa ba dandali, kullum ran uwa a tashe.

Abin da ya fi damuna shi ne kasuwa na cin unguwa. Mai gida ya lura ɗakin da ke kallon titi ya fi kawo kuɗi in ya zama shago, sai ya fasa bango ya sa ƙofar ƙarfe. Baɗi ya fasa na kusa da shi. Ana nan sai ka ga gidan da ake suna da biki a ciki ya koma wurin ajiye kaya, da magariba a kulle, titi ya yi tsit, babu wanda za ka ƙwanƙwasa wa. Ba na zargin mai gida, kowa da buƙatarsa, amma haya ta hau, maƙwabci ya tafi. Ga kuma aikin faɗaɗa tituna da gwamnatin jiha ta soma a 2019, na bakin hanya ne farkon wanda ake shafa wa jan fenti.

Dattawan unguwa kan ce a da titi guda na ɗauke da Bahaushe da Bayarabe da Banufe da mutumin Kagoro. Rikicin 2000 da na 2002 ya watsa wannan, jama'a da yawa suka ƙaura, waɗansu ƙetaren kogi wajen Sabon Tasha, waɗansu Rigasa da Kawo, kowa na neman inda nasa suka fi yawa.

A ganina, wanda bai yi iyali ba ya kama bakin titi, zai ji daɗinsa. Magidanci kuwa ya nemi layi na biyu. Kafin ya biya, ya je ya ga gidan da ƙarfe tara na dare, ya sāke zuwa bayan an ɗauke ruwan sama, ya kuma tambayi mai unguwa ko ma'auna sun taɓa zuwa wurin.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Kaduna.