Gaton wake na Inna

Inna mai ƙosai ce a garin Magarya. Kullum da asuba takan surfa wake, ta wanke, ta kai niƙa. Kafin rana ta fito ta riga ta aza kasko a bakin tasha. Direbobi masu zuwa Damagaram, da ƴan makaranta, da ƴan kasuwa, kowa ya san ƙosanta. Da kuɗin ƙosan nan take tufatar da ƴaƴanta huɗu.

Amma mai tuya ba ta rasa ɗanɗanawa. Ta ci ɗaya don ta ji gishiri, ta ci biyu don ta ji yaji. Da rana ta sha shayi mai zaƙi. Da marece, in ciniki ya yi kyau, ta sayo gato mai shokola a kanti ta raba da yara. Duk duniya ba abin da take so kamar gaton nan.

Ana nan, jikinta ya yi nauyi. Gwiwa ciwo, kai ciwo. Wata safiya jiri ya ɗebe ta, saura kaɗan ta faɗa cikin tafasasshen mai. Babbar ɗiyarta, ƴar aji biyar, ta raka ta gidan likita.

Likita ya auna jininta, ya sa ta hau sikeli. Sa'an nan ya ce:

– Inna, jininki ya hau, nauyinki kuma ya wuce kima. Ga magani. Amma sai kin rage mai, da sukari, da gishiri.

– Haba likita, ai ni da mai nake neman abinci.

– Ban ce ki bar sana'a ba. Ki sayar da ƙosai, ke kuwa ki ci alala.

Ya yi musu bayani. Ƙarfin da abinci ke ba jiki, da kalori ake auna shi. Giram ɗaya na sukari yana da kalori 4, giram ɗaya na mai yana da kalori 9. Abin da jiki bai yi aiki da shi ba, sai ya tara shi ya zama kitse. Ƙosai da alala duk wake ne, amma ƙosai yana shan mai a kasko, alala kuwa tururi ke dafa ta. Ya ƙara da cewa a shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kan sukari. Ga babban mutum, kada ya wuce kamar giram 50 a yini, wato ƙananan cokula 12.

Inna ta bi maganar likita. Ta rage sukarin shayi, ta rage gishirin miya. Amma marece na yi, sai ta yi jugum tana duban hanyar kanti.

Ɗiyarta ta lura. Ta tuna darasin wake da aka yi musu a aji. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar wake abinci ne mai gina jiki. Mai kaɗan gare shi, kuma yana daɗewa a ciki, mutum bai saurin jin yunwa. A Magarya da Dungas ana shuka shi tsakanin gero. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa dabbobi ke ci. Fatake suna kai shi kasuwar Maigatari. Bayan Nijeriya, ba ƙasar da ta kai Nijar noman irin waken nan namu. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta mai da 2016 shekarar wake da danginsa.

– Inna, tun da wake yana yin ƙosai da alala da ɗan wake, me zai hana ya yi gato?

Inna ta yi dariya, amma ta yarda su gwada. Suka sayo garin kakawo wanda ba a sa wa sukari ba. Da shi ake yin shokola. Ba a noma shi a ƙasarmu, Kodibuwar da Gana ne suka fi kowa noma shi.

Ranar farko suka zuba shi cikin ƙullun ƙosai suka gasa. Autan gidan ya ɗanɗana ya tofar. Gafin ɗanyen wake ya danne kome.

Inna ta kwana tana tunani. Washegari ta dafa surfaffen wake har ya yi laushi, ta tsane shi, ta kirɓa a turmi. Ta jiƙa dabino 10, ta cire ƙwallayen, ta daka. Cikin kofi 2 na waken ta zuba dabinon, da ƙwai 3, da kakawo cokali 4, da man gujiya cokali 2, da ɗan garin da ke sa gato ya tashi. Ta juye ƙullun cikin kwano. Ba ta da tanderu, sai ta zuba yashi a gindin tukunya, ta aza kwanon, ta rufe, ta sa garwashi bisa marfin. Da ƙamshi ya tashi ta soka tsinke, ya fito a bushe.

Auta ya ci, ya miƙo hannu.

– Inna, a wane kanti kika sayo wannan?

Inna ta yanka gaton gida 12, ta ɗauki yanki ɗaya tak. Ba ta manta ba, dabino ma sukari gare shi, kuma ko abu mai kyau ne, in ya yi yawa cuta ne.

Yau Inna tana shan maganinta, tana zuwa awon jini kan lokaci. Da ƙafa take zuwa tasha, da ƙafa take komowa. Jiri ya bar ta. Ranar Juma'a kawai take yin gaton wake, kuma ɗiyarta ce ke riƙe wuƙar yanka.

Tambayoyi

1. Don me likita ya ce Inna ta ci alala maimakon ƙosai?
2. Me ya ɓata gaton farko?
3. Cokali ɗaya na mai giram 14 ne. Kalori nawa ke cikin cokali 2?
4. Waɗanne abinci ake yi da wake a gidanku?