Ci-ranin Annasara a Galmi

A Allakaye, da zarar an gama girbi an zuba damman hatsi cikin rumbu, sai gari ya koma na tsofaffi da mata da yara. Samari sun tafi biɗa: wasu Abijan, wasu Legas, wasu Libiya. Babu gidan da ba a san labarin kwanan mutum goma cikin ɗaki guda a ƙasar wani ba, da tukunya guda, da jiran ranar aiko kuɗi gida. Saboda haka, sa'ad da na rako kawuna daga can zuwa likitar Galmi cikin bazarar 2019 domin a yi masa aikin ƙaba, ba wuƙar lokotoro ce ta ɗauki hankalinsa ba. Annasaran da ke zaune a bayan likitar ne. Ya dube su, ya ce mini: «Ɗana, waɗannan ma ai ƴan biɗa ne. Me suka rasa a garinsu?»

Ƴan kasuwa sun san Galmi da albasa, a bakin kwalta tsakanin Birnin Ƙwanni da Madawa. Mutanen Adar kuwa da likita suka san ta. Ƙungiyar mishan ta SIM ce ta buɗe ta cikin 1950, lokotoro na farko shi ne Burt Long, Ba'amurke. Ita ƙungiyar ta samo asali daga samari uku da suka sauka Legas a 1893 da niyyar shiga ƙasashen arewa. Biyu daga cikinsu suka mutu a 1894. A Damagaram ta fara zama cikin Nijar, a 1924.

Kwana tara muka yi, ni kuwa ɗan jarida ba ya zama da baki a rufe. Gidajen baƙin suna cikin shinge guda, ƙarƙashin itatuwan dogon yaro da mangwaro, kusa da wani ɗan fili inda ƙaramin jirgin mishan ke sauka daga Yamai. Akwai mutanen Amurka, da Ostareliya, da ƙasashen Turai, har da ƴan Afirka daga wasu ƙasashe. Wani makonni zai yi ya koma, wani ya yi furfura a nan. Da safe sukan fara da addu'a da karatun littafinsu, sa'an nan a shiga zagayen majinyata. Wanda ke da tsaron dare, ko yana tsakiyar cin abinci aka kira shi, sai ya aje cokali. A bazara zafi ke gasa su. Daga Agusta zuwa Oktoba kuma ɗakin yara ya cika da masu masassarar cizon sauro.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙuncin zaman. Maƙwabcinka shi ne abokin aikinka, shi ne shugabanka, shi ne kuma wanda za ku zauna benci guda a majami'a ran Lahadi. In kun saɓa da safe a ɗakin fiɗa, da marece ƴaƴanku suna wasa tare a ƙofar gidanka. Ma'aikacin gwamnatin da aka taɓa turawa ƙauye, ya zauna daga shi sai malamin lakwal da ɗan zandarma, zai gane wannan. Yaransu, in sun tasa, da yawa a wancan lokaci akan kai su makarantar Sahel Academy a Yamai, uwa ta yi watanni ba ta ga ɗanta ba. Nan kam kawu ya kaɗa kai, domin nasa biyu suna Abijan.

Inda lissafinsa ya rikice shi ne wajen kuɗi. Ɗan biɗa namu aika wa gida yake yi. Su kuwa gida ke aiko musu: likitar ba ta biyan mishan albashi, majami'u da abokai na ƙasarsu ne ke tara musu abin zaman gari, su kuma lokaci lokaci su koma su ba da labarin abin da suka yi. Kawu ya ce bai taɓa jin ci-ranin da ake cin gida ba.

Ba sa ɓoye dalilinsu. Wa'azin addininsu suka zo yi tare da magani, majinyata kuwa kusan duka Musulmi ne, wasu har daga Sakkwato. Mutum ya saurara ko ya kau da kai, idan lokaci ya yi ya shimfiɗa tabarma ya yi sallarsa. A ganina, abin da ya riƙe wannan zama shekaru saba'in da ɗoriya shi ne harshe. Baƙon da ya koyi Hausa, matarsa ta ɗaura zane da kallabi, ya je suna ya je gaisuwar mutuwa, gari ya san shi. Wanda bai koya ba, ko ya shekara biyar, cikin shinge kawai ya zauna. Wata lokotoro ta duƙa ta ce wa kawu: «Baba, ina kwana, ina sauƙi?» Tun daga ranar «ɗiyata» yake ce mata.

Sai dai shingen ya ƙara nauyi. A 2016 an sace wani Ba'amurke ma'aikacin agaji a Abalak, ba a sako shi ba sai 2023. A 2020 an ɗauke wani a Masalata, kusa da Ƙwanni. Kowane irin wannan labari yana rage wa baƙo fita kasuwa da shiga ƙauye, wato abin da ya sa gari ya yarda da shi tun farko. Mu kuma tambayar da ta shafe mu ita ce: ranar da suka ɗaure kaya, wa zai buɗe cikin yaron da taifot ta huda wa hanji? Galmi ta shiga horar da ƴan Afirka aikin fiɗa, amma lokotoron fiɗa guda shekaru biyar yake ci kafin ya ƙware, Adar kuwa faɗi gare ta.

Ranar da aka sallame mu, kawu ya sa na sayi ƙaramin buhun albasa in kai wa ɗiyar tasa. Na ce: «Kawu, a Galmi za ka ba mutum albasa?» Ya ce ɗan ci-rani ba shi da gona.